Gaisuwar da ta tsayar da Baba

A shekarata ta farko ina aikin kine, wato motsa gaɓoɓin marasa lafiya don su farfaɗo, a Tawa aka kawo mana wani dattijo, dillalin albasa, wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Ƙafar ba ta ɗaguwa daga idon sawu, yatsu na sharar ƙasa, sai ya wurgo ta ta gefe. Muka sa aka yi masa atel, wato roba mai tauri da ke bin bayan ƙwauri ta lanƙwaso ƙarƙashin tafin ƙafa ta tallafe shi. Na auna tafiyarsa ta mita 10 a kan siminti, ta yi sauri, na rubuta ina murna.

Wata safiya yana tsakiyar tafiya maƙwabcinsa ya shigo. "Alhaji, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Baba ya tsaya cak. Sai da aka gama tambayar iyali da gajiya sannan ya sake ɗaga ƙafa.

Nan na gane awon da nake yi bai kama hanyar rayuwarsa ba. Mai lafiya ba ya tunanin takunsa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu kuwa, kowane taku da hankali yake yin sa, in magana ta ja hankalin sai ƙafa ta rasa mai kula da ita. Tun 1997 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa tsofaffin da ke tsayawa in an yi musu magana sun fi saurin faɗuwa. To a garinmu wa zai je masallaci ba a gaishe shi sau goma ba?

Na canja salo. Muka fita kan rairayi, buta a hannun dama, ina tambayarsa kuɗin buhu a Galmi, ko ya ƙirgo daga 100 yana rage uku uku. Da atel ya rage kallon ƙasa, don ba ya fargabar tuntuɓe, amma lissafi na yin wuya taku ke gajarcewa. Robar ta ɗauke masa nauyi guda, sauran sai da maimaici. Na kuma roƙi Hajiya ta riƙa duba fatar a duk alwala, don zafin Afirilu da gumi na sa roba ta ci ƙafar da ba ta ji sosai.

Ran da muka sallame shi, a ƙofa ya ce, "Ɗiyata, gaishe ni mu gani." Na gaishe shi, ya amsa har da tambayar mutan gida, sandarsa na tafe.