Dalilin da ke sa dogon rami karkacewa a cikin ƙarfe

Masu aikin huda ƙarfe suna kiran rami mai zurfi idan zurfinsa ya wuce faɗinsa sau 10. Daga nan ƙarfin inji ba ya ceton kowa, domin dogon diril, wato ƙarfen da ke hudawa, siriri ne kuma yana lanƙwasa. Ka ninka tsawon da ya fito daga mariƙi sau biyu, lanƙwasar za ta ninku kusan sau takwas a ƙarƙashin matsi ɗaya. Shi ya sa siffar bakin diril ce ke yanke inda ramin zai nufa.

A diril mai murɗa, kaifi biyu ne ke yanka, kowanne yana tura ɗan'uwansa gefe. Idan tsawonsu da kusurwarsu ɗaya ne, turin ya kashe juna. Da zarar ɗaya ya ɗan fi tsawo, abin da wasawa da hannu kan jawo, sai ya riƙa cin kaso mafi yawa, ramin ya fi diril ɗin faɗi, ya kama hanyar gefe. Alamar tana ga ɓarɓashin da ke fitowa: a cikin kwari biyun da suka murɗe a jikin diril, ɗaya yana fitar da mai kauri, ɗayan kuwa kusan ƙura. Tsakiyar bakin ma ba yanka take ba, murje ƙarfen take yi, kuma ita ce ke zamewa a farkon shiga. Saboda haka ake rage kaurinta, ko a tsaga tsinin, a kuma bar kusurwar baki ta digiri 118 da aka saba a koma 135 zuwa 140.

Gandiril, wani irin dogon diril da aka fara amfani da shi wajen huda bututun bindiga, dabararsa daban ce. Kaifi ɗaya gare shi, kuma tsininsa ba a tsakiya yake ba. A wasawar da aka fi yi, tsinin yana nesa da gefe da kwatan faɗin diril, kusurwar kaifin da ke waje da tsinin digiri 30, ta wanda ke ciki 20. Da gangan ake barin turin ya ɗan rinjaya wajen madogaran kabayid (wani ƙarfe mai tauri sosai) da ke jikin kan gandiril ɗin, su manne da bangon ramin da aka riga aka yanka, ramin da kansa ya zama jagora. Idan tsinin ya matsa tsakiya, matsi kan madogaran ya yi yawa, zafi ya tashi, ramin ya tsuke. Idan ya matsa waje, kan ya rabu da bango, sai karkarwa da rami mai faɗi. A ganina, mai wasa gandiril da ido ɓarnar kuɗi kawai yake yi.

Shiga ita ce rabin aikin. A fara da gajeren diril mai ƙarfi, a yi ramin jagora mai zurfin da ya kai faɗinsa sau biyu, wanda ya fi dogon diril faɗi da kamar milimita 0.02, kusurwar bakinsa kuma kada ta gaza ta dogon, don tsini ya fara taɓawa kafin gefuna. A shigar da dogon a hankali yana juyi kaɗan, a buɗe ruwan sanyaya ta cikinsa, sannan a ƙara gudu. Haka wajen fita: a rage juyi kafin ya bar ramin, in ba haka ba zai yi bulala ya karye.