Motar katako, ƙullin gero da allon dara

Ƙannena, ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗan yayata yana da shekara 15 ya daina zuwa ƙwallo, tuwo sai ya ɗan taɓa ya ture, ya wuni kwance a zaure fuskarsa na kallon bango. Wasu suka ce miskilanci ne, wasu suka ce iska ce. Ni kuwa abin da hannuna ya iya shi ne ƙira, sai na ce bari in yi masa abin da zai ɗebe masa kewa.

Na sassaƙa masa mota har da fenti, na miƙa masa a gaban abokansa. Suka kwashe da dariya. Ashe gara ka zane saurayi da bulala da ka mai da shi yaro a idon tsaransa. Motar tana ƙarƙashin gado har yau. In za ku yi wa matashi irin wannan abu, ku yi wanda ba zai ji kunyar a gan shi da shi ba, kuma ku ba shi daga ku sai shi.

Daga nan na sa tela ya ɗinka ɗan ƙullin gero a yadi mai kauri, daidai tafin hannu, mai shiga aljihu. Wannan ya karɓa. In barci ya ƙi zuwa sai ya yi ta matsa shi kamar mai jan carbi, jikinsa ya ɗan saki. A nan na tafka babban kuskurena: na dinga gaya wa uwarsa ai an samu magani. Wata 2 muka ɓata a haka. Wani malamin asibiti ne ya ce mana ciwon damuwa ne, kuma baƙin cikin da ya haura mako 2, ya hana ci da barci, likita yake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin 7 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin wannan fanni a Kazaure, akwai a Dawanau. Kunyar a ce ɗanmu ya taɓu ce ta riƙe mu, ba kuɗin mota ba. Malamin ya kuma sa muka ɗauke fiya-fiya da maganin feshin gona daga ɗakin, ya ce duk ranar da yaron ya ambaci mutuwa kada mu kwana ba mu kai shi asibiti ba.

Bayan an fara duba shi ne na yi allon dara, ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12. Da gangan na ƙi ƙarasawa, na ce ya zo ya taya ni gogewa. Ƙullin gero shi kaɗai yake matsawa, amma dara ba ta yiwuwa sai mutum biyu, kuma ido na kan allo, ba mai tsare shi da tambaya. Rana ta uku yana gugar katako ya ce, "Kawu, wannan ramin ya karkace." Rabon da in ji ya fara magana ba tare da an tambaye shi ba tun kafin damina.

Ramin kuwa ya karkace ɗin. Na ba shi kurfi ya gyara, bayan la'asar muka buga, ya cinye ni sau biyu.