Kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa? Zuwanmu wurin lilo da sallah

Tun watan Rajab yaran nan suka sa ni gaba. 'Yar farina ce ta kawo maganar daga Islamiyya, wai an kai ƙawarta Abuja wurin wasa, har da wani jirgi mai gudu a kan dogo, ya hau sama ya sulalo ƙasa. Na tsakiya ya kama, Auta kuma ta zama 'yar amshin shata, ko me aka faɗa sai ta ce, "Umma, ni ma." In sun karɓi wayata da sunan aikin makaranta, sai in tarar da su a YouTube suna kallon wuraren wasan Dubai da Amurka, baki sake. Abbansu da farko cewa ya yi, "Lilo ne babu a Kaduna?" Amma da azumi ya zo, babbar ta kai azumi ashirin da bakwai, na tsakiya ya yi goma sha ɗaya a shekararsa ta fari, sai shi da bakinsa ya ce in Allah Ya kai mu, washegarin sallah za a je. Alkawari kuwa kaya ne, balle wanda aka ɗaukar wa yaro.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwasar adashina ta watan Sha'aban, wadda na ƙudurta zan canza wa yara katifa da ita, ita na ware. Abbansu ya ɗauki nauyin tikitin jirgin ƙasa, kuma duk wanda ya saba bin jirgin Rigasa ya san da sallah kujeru ba sa jiran kowa, don haka da waya a hannu ya yi kwanakin ƙarshen azumi. Jirgin nan tun 2016 yake kai mu Abuja yana dawo da mu, amma tun harin da aka kai masa daren 28 ga Maris 2022 babu ɗan Kaduna da zai zuba 'ya'yansa uku a ciki bai ji wani abu ya tsaya masa a ƙirji ba. Hajiya, surukata, sai da ta tara su ta tofe su da addu'a ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini, "Ki riƙe su da kyau, taron sallah ba shi da ido." Masauki ba mu sha wahalarsa ba, ƙanwar Abbansu tana aure a Kubwa, a tashar Kubwan ma muka sauka. Na soya cincin da naman kaza, na cika kula da zoɓo mai ƙanƙara. Daren tafiya kuma na yanki ƙyalle fari gida uku, na rubuta lambar wayata da ta Abbansu, na ɗinke a cikin aljihun kowa. Abbansu ya ce abin nawa ya yi yawa. Na ce a bar ni.

Ba zan kama sunan wurin ba, don abin da ya same mu ba laifin mutum ɗaya ba ne. Mun isa wajen sha ɗaya na safe, muna ganin mun yi sammako, ashe rabin Abuja da Suleja da Mararaba sun riga mu. Bakin get ba masaka tsinke. Yara cikin shadda da leshi da atamfa, lalle bai ko kwana uku a hannu ba, iyaye mata da goyo, masu sayar da balan-balan da gugguru suna kutsawa tsakani. Nan aka ce mana ba a shiga da abincin waje, kular zoɓona ta koma but ɗin motar mijin ƙanwar tasu. Sannan kuɗin shiga daban, kuɗin kowane lilo daban. Wannan shi ne abu na farko da lissafina bai hango ba, ni da nake koyar da lissafi a firamare shekara goma sha huɗu.

Layin jirgin nan da suka kwana suna mafarki shi ya fi kowane tsawo. An yi shi ne a lanƙwashe tsakanin ƙarafuna, ya je ya dawo, ya je ya dawo, yadda in ka tsaya a baya sai ka ga kamar ka kusa. Da tsayuwa ta yi tsayuwa sai na shiga ƙirga. Kujera goma sha shida ce. Daga sauke waɗanda suka gama, zuwa zaunar da sababbi, da duba bel ɗin kowa, da zagayen kansa, minti biyar. Zagaye goma sha biyu ke nan a awa, mutum 192. Na ƙirga kawunan da ke gabanmu sun haura ɗari biyu. Na juya na ce wa Abbansu, "Awa guda da 'yan kai, in ba a ɗauke wuta ba." Aka kuwa ɗauke, sai da aka tayar da janareta. Hawan kansa bai cika minti biyu ba.

Zafin bazara ne, ranar nan mai dukan tsakar ka, kuma rumfar layin ba ta rufe ko rabinsa ba. Auta tana ta ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya saboda sabon takalmi ya fara cin ta a diddige, amma ko uffan ba ta ce ba, tsoronta kada a ce a koma gida. Da muka iso gaba sai ga wani allo a jikin ƙarfe, an ja jan layi a kansa. Duk yaron da kansa bai kai layin ba, ba zai hau ba. Manyan biyu suka wuce. Auta ta jingina bayanta, ta miƙe wuya, ta ɗage a kan 'yan yatsun ƙafa har ɗankwalinta ya zame. Saura kamar yatsa biyu. Saurayin da ke tsaron wurin ya durƙusa daidai tsawonta ya ce, "Ƙanwata, yi haƙuri, baɗi in sha Allahu." Gaskiyarsa ce, bel ɗin ba zai riƙe ƙaramin jiki ba, kuma da ya bar ta ta hau da ni zan fara yi masa faɗa. Amma yarinya 'yar shekara biyar da ta yi sama da awa a rana ba ta san wannan ba. Ba ta yi ihu ba. Ta cusa fuskarta cikin hijabina, ina jin hawayenta yana ratsa zanina. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, domin da an kafa allon nan a farkon layi, ko da na san in tambaya tun daga get, da ban tsayar da ita ba.

Ina rungume da ita na ɗaga kai, na hango babbar a kujerar gaba. Yarinyar nan shiru-shiru ce, irin wadda malamai ke rubuta wa "ta riƙa magana a aji" a katin sakamako. Jirgin ya hau a hankali yana ƙas-ƙas-ƙas, ya ɗan tsaya a ƙololuwa, sannan ya sako. Na ji muryarta ta fita daban cikin ta mutum goma sha shida. Da ta sauko ƙafafunta na rawa, mayafi a wuya, idanu sun yi ruwa don dariya, ta kama hannuna biyu ta ce, "Umma, na ga har duwatsun bayan gari! Umma, cikina ya tashi sama ya bar ni!" Shekara goma sha biyu ina tare da ita, ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

Bayan azahar ne abin da Hajiya ta faɗa ya faru. Mun je neman ruwan alwala, na saki hannun na tsakiya don in gyara wa Auta takalmi, ina ɗagowa babu shi. Ban san tsawon lokacin ba, Abbansu ya ce bai fi minti goma ba. Na san dai ina kiran sunansa muryata ba ta fita, kuma duk yaron da na hango da shuɗiyar shadda sai in ga shi ne. Sai wayata ta yi ƙara. Wata baiwar Allah ce, da Hausarta ta 'yan koyo, ta ce, "Madam, yaronka yana nan wurin motoci." Motocin karo ya bi da kallo har ya yi nisa, da ya waiga bai gan mu ba ya fashe da kuka, ya zaro aljihunsa ya nuna mata ƙyallen. Allah Ya saka wa matar nan da alheri duk inda take. Daga nan ban ƙara jin daɗin komai ba. Suka hau dokunan da ke zagayawa, Auta ta samu nata rabon a nan, aka sha askirim mai tsadar da ba zan faɗa ba, kafin la'asar muka fito. Lilo uku manyan suka hau a yini guda, Auta biyu.

Da muka dawo na ba wata 'yar ajinmu labari, ma'aikaciyar jinya ce a Ingila yanzu, ta taɓa kai nata yaran Disneyland ta kusa da Paris, wadda aka buɗe a 1992. Na zata za ta ce can ba haka ba ne. Ta ce layi har ya fi namu, sai dai akwai inuwa da allon da ke gaya maka minti nawa za ka jira, kuma mai kuɗi yana iya ƙara wani abu a kan tikitinsa ya bi gajeren layi. Watanni suke yi suna tsara ranar zuwa da abin da za a fara hawa. Abin ya sa na je na karanta tarihinsu. Ranar 17 ga Yuli 1955 da aka buɗe Disneyland ta farko a Anaheim, jihar Kalifoniya, mutane sun ninka waɗanda aka gayyata saboda tikitin jabu, famfunan ruwan sha ba sa aiki, sabuwar kwalta kuma ta yi laushi da zafi har tsinin takalman mata yana nutsewa. Ashe cunkoso tare aka haife su da wannan sana'a. Kujerun lilo ba sa ƙaruwa don yau sallah ce, mutane ne ke ƙaruwa, kuma mai wurin a irin wannan rana yake mayar da kuɗin watannin da ba kowa. Ba zai ce maka kada ka zo ba. Kai ne za ka yi wa kanka lissafi.

Ni ma fa da yawon sallah na tashi. Muna Tudun Wada a lokacin, Baba Allah Ya jiƙansa yakan zuba mu a bas ya kai mu Gamji, wurin da ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, a bakin kogin Kaduna. Ba wani jirgi mai hawa sama. Lilon ƙarfe ne, da bishiyoyi, da kadoji kwance kamar itace, da 'yar gadar nan ta Gwamna Lugga da aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Baba yakan tsayar da mu a kanta ya ce gadar ta girmi garin, don sai 1917 Turawa suka dawo da hedikwatarsu Kaduna. A can ma ana turmutsutsu, ina tuna ranar da takalmina ƙafa ɗaya ya ɓace. Amma ba takalmin ke zuwa mini ba in an ambaci Gamji, hannun Baba ne mai kaushi riƙe da nawa, da ƙanshin tsiren da yake saya mana a hanyar dawowa. Wannan ya sa ba na yarda da masu cewa kai yara irin wuraren nan ɓarnar kuɗi ce kawai. Mahaifiyata na tabbata ta sha irin wahalar da na sha, mu kuwa daɗin muka kwasa.

To kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ga babbar, ta biya har da riba, kuma saboda ita kaɗai zan sake kwasar wani adashin. Ga na tsakiya, rabi da rabi, har yanzu in muka shiga Kasuwar Barci sai ya damƙe gefen hijabina, abin da ya daina tun yana aji ɗaya. Ga Auta ba ta biya ba. Abin da ta hau a Abuja akwai irinsa a nan cikin gari, kuma makonni uku bayan sallah da muka kai su wani ƙaramin wurin wasa ranar Laraba da yamma, ita kaɗai ce a kan dokunan, mai kula da injin ya bar ta ta yi zagaye huɗu a jere tana ɗaga mana hannu. Kuskurenmu ranar ce. Mun haɗa alkawarin da sallah saboda haka muka taso muka gani, alhali wurin yana nan a sauran ranakun shekara. Na gaya wa Abbansu, ni da wurin lilo a washegarin sallah sai dai in hango daga nesa. A yi sallah a gida, a gaida Hajiya, a zaga dangi a karɓi goron sallah, in ana son iska a je Dandalin Murtala da yamma. Abuja kuma sai dogon hutu, tsakiyar mako, mu tsaya a get kafin a buɗe, mu fara da babban jirgin tun rana ba ta yi ba, mu ci abincinmu a mota kafin mu shiga. Ƙyallen aljihu kuwa ko kasuwa za mu yanzu sai na ɗinka, kuma Abbansu ne ke tuna mini.

Ranar da muka fito daga wurin na roƙi saurayin nan ya bar ni na gwada tsawon jan layin da igiyar jakata, na ƙulla alama. Da muka iso gida na ja shi da fensir a jikin ƙyauren ɗakinsu. Duk Juma'a bayan wanka Auta takan je ta jingina, ba takalmi, ba ɗage, haka muka yi yarjejeniya, ta kira yayarta ta ɗora mata littafi a ka. Jiya saura yatsa ɗaya da rabi. Ta cinye tuwonta tas, ta miƙo kwano a ƙara.