Kabad ɗin amarya da abin da Sokoban ta koya mini

A makarantar koyon sana'a, ra'ayin Bauhaus aka ɗora mu a kai, wato makarantar da Walter Gropius ya kafa a Jamus a 1919: layi miƙaƙƙe, babu sassaƙa, babu ƙyale-ƙyale. Har gobe ina girmama wannan tarbiyya, don ita ta sa nake auna tsayin mazauni kafin in yi tunanin fenti.

Iyakarta kuwa a Sokoban na gan ta, wato cibiyar aikin katako ta Kumasi a Ghana, inda aka mayar da kafintocin unguwar Anloga. Yawancin aikinmu iyayen amare ne daga Aboabo da Asawase ke kawo shi. Wata Hajiya ta dubi zanen kabad fari fat, ƙofofinsa a rufe ruf, ta ce, "Ɗana, to ta ina za a ga jeren?" Gilashi take so, da ƴar fitila a ciki, yadda duk wadda ta zo ganin ɗaki za ta ga kwanuka da kuloli reras, ta san yarinyar nan tana da gata. Ajiye kaya rabin aikin kabad ɗin ne, ɗaya rabin fitar da iyaye kunya, kuma littafinmu bai san da shi ba.

Su ma Turawan sun gaji da ɗaki fayau. A 1981 Ettore Sottsass da abokansa suka fito da ƙungiyar masu zana kayan ɗaki mai suna Memphis a Milan, da kantar littattafai mai suna Carlton, rassanta a karkace, ja da rawaya da kore, duk an lulluɓe da fomeka. Masassaƙan Ahwiaa, garin da ke kusa da Kumasi, kuwa ba su taɓa raba kujera da ma'ana ba. Daga gungume guda suke fafe kujerar Asante, siffar da ke tsakiyarta ta faɗi matsayin mai ita.

Abin da ke damuna shi ne masu kwaikwayon launin nan a kan allon garin katako. Kumasi damina biyu gare ta a shekara. Danshi na shiga, gefe ya kumbura, fomeka ta ɗaye, uwa kuma ba ta gama biyan bashi ba. Shi ya sa ƙafafu da firam nake yin su da katakon odum, wanda gara ba ta cika kama shi ba, launin kuma in zuba shi a yadin kujera da labule, waɗanda amarya za ta iya sauyawa duk ranar da ta ga dama.