Ranar da muka ga hasken da ido ba ya gani

Makarantar da nake koyarwa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, balle gilashin nan mai kusurwa uku da masanin kimiyya Isaac Newton ya raba hasken rana da shi a 1666. Da darasin haske ya zo, sai na ɗauko farar roba daga gida, na ari ƙaramin madubin maiɗakina, na cika robar da ruwa, na jingina madubin a ciki, rabinsa a nutse.

Ranar farko ba mu ga komai ba, saboda hazo ya rufe rana, yara kuma suna ta girgiza tebur. Bayan kwana uku gari ya washe. Da hantsi muka rufe tagogi sai guda, muka jira ruwan ya kwanta. Ina juya madubin a hankali sai ga bakan gizo a jikin bango: ja, ruwan goro, ɗorawa, kore, shuɗi, har shunayya. Ajin ya yi tsit.

Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu. "Malam, to bayan jan nan fa, me ke wurin?"

Tambayar da masanin taurari William Herschel ya amsa ke nan a 1800. Ya sa ma'aunin zafi a gefen ja, inda babu launi, ya ga zafi ya ƙaru, alamar akwai haske a wurin da ido ba ya gani. Na yi niyyar maimaita masu, na kawo ma'auni, muka jira kusan rabin awa bai motsa ba. Daga baya na gane kuskurena: ruwa yana shanye mafi yawan wannan hasken, kuma ma'aunina ba ya kama ɗan ƙaramin canji.

Rimot ɗin talabijin ne ya fitar da ni. Na danna shi a gabansu, ba wanda ya ga komai. Na sa kyamarar waya a bakinsa na sake dannawa, sai ga ɗigon haske mai kama da shunayya yana ƙyalƙyali a fuskar wayar. Wannan shi ne infirared, hasken nan na bayan ja da Herschel ya gano. Wayar wani malami ta ƙi nunawa sai da muka juya zuwa kyamarar gaba, don wasu wayoyin suna da matatar da ke tare shi.

Wajen bayani kuwa, rediyo ya fi allo taimako na. Na tambaye su wa ya taɓa jin mai gabatarwa yana cewa "a gajeren zango, mita 31". Da yawa sun ji a rediyon kakanninsu. Na ce masu mita 31 ɗin nan tsawon zangon igiyar rediyo guda ce, kuma ita da hasken rana dangi ɗaya ne, duk suna gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tsawon zangon ne kawai ya bambanta su. Na FM kamar mita 3 ne. Wanda ido ke gani tsakanin nanomita 400 ne da 700, nanomita kuwa sai ka raba milimita gida miliyan. Na rimot yana wajen 940, ya ɗan wuce ja. Can ƙasa da shunayya akwai altarabayolet, wanda shi ma ido ba ya gani, sannan hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Washegari yarinyar ta zo da labari: ta gwada rimot biyu a gida, guda bai kawo haske ba, ta ce wa mahaifinta batirinsa ne ya mutu. Da aka canza, ya yi aiki.