Abin da cocin Creek Town ya koya mini game da rubuta tarihi

Lokacin da nake rubuta kundin kammala digiri a fannin tarihi, na zaɓi cocin Firesbiteriyan na Creek Town, wani ƙaramin gari na al'ummar Efik da ke bakin ruwa kusa da Kalaba, a Jihar Kuros Riba ta yau. Na fara da labarin da aka saba ji, wato Hope Waddell, ɗan mishan da ke samun tallafi daga Sikotland, da abokan tafiyarsa sun iso daga Jamaika a 1846, suka buɗe makaranta, suka yi wa'azi, gari ya sauya. Da malamina ya dawo mini da babin farko, tambaya guda ya rubuta a gefen takarda: wane ne ya ba su wurin zama?

Amsar ita ce Sarki Eyo Honesty na Biyu, hamshaƙin ɗan kasuwar manja. Shi ne yake tara jama'a a farfajiyar gidansa ranar Lahadi, yana yi wa Waddell tafinta, amma har ya rasu a 1858 ba a yi masa baftisma ba. A fahimtata, makarantar ta fi wa'azin jan hankalinsa, domin yaron da ya iya karatu da lissafi ba ya cutuwa a hannun Turawan jiragen ruwa. Haka kuma dokar 1850 da ta hana kashe bayi a jana'izar manya, ko da yake mishan sun matsa lamba a kanta, ƙungiyar Ekpe ce ta shelanta ta, domin ita ke riƙe da hukunci a ƙasar Efik. Mary Slessor kuwa, 'yar mishan daga Sikotland wadda sunanta ya rufe na kowa, sai a 1876 ta iso Kalaba.

Daga nan na daina ɗaukar rahotannin mishan a matsayin cikakken labari, tunda an rubuta su ne domin masu ba da gudummawa a Sikotland, kuma mai neman tallafi ba ya ɓoye ƙoƙarinsa. Shekara bakwai aka yi kafin a yi wa mutum na farko baftisma, Esien Esien Ukpabio, a 1853, wanda aka naɗa fasto a 1872. Da shi da Eyo na buɗe sabon babin, Waddell kuma ya koma shafi na uku.