Yadda muka fitar da kuɗin ƙungiyarmu daga akwatin Baba Ma'aji

Ƙungiyarmu ta teloli ce, shagunanmu a warwatse tsakanin Ƙofar Ƙwaya da babbar kasuwar Katsina. Tun kafin in iya taka keke ake zubi a cikinta. Duk Juma'a bayan la'asar kowa ya kawo nasa, a rubuta a littafi, a zuba a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburin yankan Baba Ma'aji. Daga nan ake kwasar adashi, daga nan ake ba wanda kan kekensa ya lalace rance, daga nan ake fitar da gudummawar biki da ta rasuwa. Da aka zaɓe ni shugaba, abin da na fara sa wa gaba shi ne kuɗin nan su koma banki. Na kawo maganar a taro, aka saurare ni cikin ladabi, aka shafa fatiha, aka watse.

Abin da bakina ya kasa, Babban Bankin Najeriya ya yi shi. A watan Oktoba na 2022 gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Akwatinmu kuwa maƙil yake da tsofaffin kuɗi. Waɗanda suka ce mini banki wahala ce, su ne suka riƙa tare ni a ƙofar masallaci suna tambayar ina aka kwana.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya taɓa yi mini bayanin John Kotter, malamin nan na Jami'ar Harvard ta Amurka da ya tsara matakai 8 na jagorantar sauyi a 1996. Na farkonsu shi ne mutane su ji a jikinsu cewa zama a yadda ake ba zai yiwu ba. Mu wannan matakin kyauta muka same shi. Na biyu shi ne shugaba ya haɗa 'yan tsirarun da ake jin maganarsu su tsaya tare da shi, kuma a nan aikin yake, domin a wurinmu wanda aka fi jin maganarsa shi ne mai riƙe da makullin akwati.

Baba bai taɓa cin ko kwabo ba, kowa shaida ne. Shi ya sa da farko aka ɗauki turjiyarsa a matsayin rigimar tsufa. Na same shi a gida bayan isha'i, ni kaɗai. Ya bar ni na gama jero amfanin banki tas, sannan ya ce, "Shugaba, mi na yi maku?"

Na ce, "Baba, wallahi ba ka yi komai ba."

Ya ce, "To in matar yaro ta kama naƙuda cikin dare, bankin zai buga wa ƙofa? In ya amshi rance kuma, sai an watsa sunanshi cikin waya kowa ya gani?"

Ashe shekara da shekaru akwatin nan yana wani aiki da ba a rubuta a tsarin mulkin ƙungiya ba. Magidanci zai zo a ɓoye, Baba ya ƙirga masa, ya rubuta a wani ɗan littafi na daban, in ya samu ya maido, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Tsarin da na zo da shi, na mutum uku masu sa hannu da tura kowane alat zuwa zauren WhatsApp, zai kare kuɗi amma zai tona asirin masu su. A ganina wannan ne littattafan shugabanci ba su cika tsayawa a kai ba: tsohon tsari, komai lalacewarsa, akwai wata buƙata da yake biya a ɓoye, kuma mai turjiya sau da yawa ita yake karewa, ko da bai iya faɗinta a gaban taro ba.

Sai muka raba kuɗin gida biyu. Zubi da adashi da manyan rance suka koma asusun banki, Baba ne na farko cikin masu sa hannu. Wani ɗan kaso kuma ya zauna a hannunsa don larurar dare. Duk ƙarshen wata yana faɗa wa taro nawa ya fita nawa ya dawo, amma sunaye daga shi sai dattijo ɗaya da aka zaɓa ya riƙa duba littafin. A taron da aka amince da wannan ban yi dogon jawabi ba. Baba ne ya gabatar, da bakinsa, kamar shi ya ƙirƙiro. Na bar masa.

Saura masu cewa kuɗin banki akwai ruwa a ciki. Wannan bai ɗauke mu lokaci ba, muka zaɓi ɗaya daga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Wa dattawa kuma ban ambaci Harvard ba. Na tuna masu cewa a Katsinar nan, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka fara kafa baitulmali, aka raba kuɗin jama'a da aljihun masu sarauta, aka yanka masu albashi. Limaminmu ya ƙara da cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina, littafin Usulus Siyasa, inda ya hore shi da kusantar malamai da neman shawararsu, da kula da masu sana'a, har ya ambaci maɗinka a cikinsu. Ranar kowa ya fita yana jin kansa.

Takardun da banki ya nema, rajista da tsarin mulki da BVN na masu sa hannu, sun ci mana 'yan kwanaki a layi, ba wani abu ba.

Gwajin gaske ya zo ne bayan an samu sauƙi. Ranar 3 ga Maris, 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo har ƙarshen shekara. Sannu a hankali kuɗi suka dawo hannu, azumi ya kama, ɗinkin sallah ya rufe kowa. Telan da ya kwana kan keke ba shi da lokacin jiran sabis ya dawo, sai ya dunƙule kuɗinsa ya miƙa wa Baba kamar da. Wasu kuma suka fara ƙorafin naira 50 da ake cira duk lokacin da aka tura 10,000 ko sama da haka. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Kurt Lewin, wanda ya riga Kotter da kusan shekara 50, ya raba sauyi gida uku: a sassauta tsohon hali, a sauya, sannan a kafe sabon. Na ukun nan ba a yin sa da wa'azi. Mun yi shi ne da ƙananan ƙa'idoji masu gundura. Ba a rubuta zubin mutum sai alat ya shigo. Mai tsabar kuɗi ya kai wa mai POS na bakin layinmu, ya kawo 'yar takardar. Kowane dattijo aka haɗa shi da yaron shagonsa mai danna masa waya. Naira 50 ɗin kuwa ƙungiya ta ɗauke, don kada ta zama hujja.

Wanda ya fi kowa tsanani a kan ƙa'idar alat, Baba ne. Na ga ranar da ya maido wa amininsa kuɗi a hannu, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba ni amsar kuɗi a hannu."

Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur na janareta ya fara cinye ribar masu keken lantarki da na surfani. Yanzu maganar da ke gabanmu ita ce mu yi amfani da asusun mu haɗa sola ga shagunan da ke jere wuri ɗaya. Kowa ya ce yana so. Amma akwai ɗan ƙungiyarmu da ya daɗe yana ja wa maƙwabta waya daga babban janaretansa suna biyansa duk mako, kuma da kuɗin yake biyan na makarantar 'ya'yansa. Na yi masa tayin ya zama mai kula da batura da karɓar kuɗin wuta, da ɗan alawus. Ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara da yayansa, don haka ban sa maganar a ajandar taron wannan watan ba.